Hawan Jini da Tafiyar Ƙasa: Abin da Mai Hidima Ya Kamata Ya Sani

A shekarun da nake kewayawa ina duba ɗalibanmu da ke aikin gwaji a ƙasar Bungudu da Tsafe, na san wani dattijo mai bishara wanda ya daɗe yana hidima a ƙauyukan da ke wajen Rawayya. Ba shi da abin hawa sai wani tsohon keke, shi ma rabin tafiya turawa yake yi saboda yashi. Gaisuwar mutuwa da ƙafa, barkar haihuwa da ƙafa, cin kasuwa da ƙafa. Mutum ne siriri, idan kuka jera kai ne za ka fara haki. Daga baya aka mayar da shi Gusau, 'yan'uwa suka haɗa kuɗi suka saya masa babur. Mun yi murna, ni ma na sa nawa. Cikin 'yan shekaru ya ajiye tumbi, jama'a suna cewa Baba ya sami hutu. Wata ranar Lahadi yana tsaye yana wa'azi sai aka ji maganarsa ta fara sarƙewa, bakinsa ya karkace, littafi ya suɓuce daga hannunsa na dama. Da aka kai shi asibiti aka auna, lambar sama ta haura 200. Matarsa ta gaya mini bai taɓa auna jininsa ba tun da suka yi aure. Ya rayu, amma yana jan ƙafa, harshensa kuma bai koma daidai ba.

Ban ce babur ne ya kayar da shi ba. Akwai shekaru, akwai gado, akwai gishiri, akwai damuwar aiki a gari. Amma ranar da muka miƙa masa makullin babur ɗin nan mun raba shi da wani magani da yake sha kullum ba tare da ya sani ba, ba mu kuwa ba shi wani a madadinsa ba. A kan wannan magani nake so mu yi nazari, domin ya shafi jikinka, ɗan'uwa, ya kuma shafi mutanen da suke zuwa neman shawararka tun kafin su je wurin likita.

Mene ne hawan jini?

Duk wanda ya taɓa noman rani ya san injin ban ruwa da tiyo. Injin yana tura ruwa, ruwan yana dannar bangon tiyo daga ciki. Idan ka matse bakin tiyon, ko ya tsufa ya ƙandare, sai ƙarfin dannawar ya ƙaru, injin ya soma wahala, wata rana kuma tiyon ya fashe a inda ya fi rauni. Haka zuciya take da jijiyoyin jini. Tana bugawa wajen sau dubu ɗari kowace rana. Lambobi biyu da malamin asibiti yake karantawa, ta sama ita ce ƙarfin dannawar jini a lokacin da zuciya ta matse, ta ƙasa kuwa ita ce ƙarfinsa a lokacin da ta saki tana cika. Hukumar Lafiya ta Duniya tana kiran abin hawan jini idan an auna a ranaku biyu dabam-dabam aka sami ta sama ta kai 140 ko fiye, ko ta ƙasa ta kai 90 ko fiye. Likitocin zuciya na Amurka sun sauko da nasu ma'aunin zuwa 130 da 80 tun 2017, amma a asibitocinmu 140 da 90 aka fi aiki da su.

Zuciyar da take turawa da ƙarfi shekara da shekaru naman bangonta yana kauri, sa'an nan ta gaji ta kasa. Shi ne za ka ga mutum ƙafafunsa sun kumbura, ba ya iya kwanciya sai ya tara matashin kai. Jijiyar ƙwaƙwalwa takan fashe ko ta toshe, a sami shanyewar ɓarin jiki. Ƙoda takan lalace, ido yakan dushe. Mugun halin wannan ciwo shi ne yawancin masu shi ba sa jin komai. Mutane suna cewa, "Idan jinina ya hau ina ji a ƙeyata." Kada ka dogara da wannan. Mutum yana iya yawo da 170 yana dariya, wani kuma kansa yana sarawa alhali jininsa lafiya lau. Na'ura ce kaɗai take faɗin gaskiya.

Yawan masu shi ya wuce yadda muke zato. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa daga 1990 zuwa 2019 masu hawan jini a duniya sun ninka, daga miliyan 650 zuwa biliyan 1.3, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba. A Nijeriya, masu bincike da suka tattara awon da aka yi a sassan ƙasar sun ƙiyasta cewa zuwa 2020 kusan baligi ɗaya cikin uku yana da shi. Ƙidaya kujerun dattawan ikilisiyarka ka raba uku. Akwai kuma wani babban bincike a kan shanyewar ɓarin jiki da aka yi a asibitocin Nijeriya da Gana, har da asibitocin koyarwa na Kano da Zariya, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan, wanda aka buga a 2018. An gwada masu ciwon fiye da dubu biyu da takwarorinsu masu lafiya, aka tarar kusan tara cikin goma na shanyewar jikin nan yana da alaƙa da hawan jini. Rashin motsa jiki yana cikin sauran abubuwan da suka lissafta, tare da ciwon suga, damuwa, barbaɗa gishiri a kan abinci, da ƙarancin cin ganye.

Direba da kwandasta

Tunanin cewa zama yana cutar da zuciya bai daɗe ba a wurin likitoci. Har tsakiyar ƙarnin da ya wuce, wanda zuciyarsa ta buga akan kwantar da shi makonni a gado, a hana shi ko tashi zaune. Wanda ya fara girgiza wannan tunani wani likita ne a Ingila mai suna Jeremy Morris. A wancan zamani motocin haya na Landan masu bene ne, kowace tana da direba da kwandasta. Direba yana zaune kusan duk yini, kwandasta kuwa yana hawa yana sauka yana karɓar kuɗi, matakala ɗaruruwa kowace rana. Gari ɗaya, kamfani ɗaya, kusan irin rayuwa ɗaya. Morris ya bi bayanan lafiyar ma'aikata wajen 31,000, a 1953 ya buga abin da ya gani: a cikin kowane direba dubu, kimanin 2.7 ne ciwon zuciya yake kamawa a shekara, a cikin kwandastoci kuwa 1.9. Ya duba ma'aikatan gidan waya ya ga haka nan, masu yawon raba wasiƙa sun fi masu zaman ofis tsira.

Abokan aikinsa ba su yarda nan da nan ba. Suka ce ai ƙila masu ƙiba ne tun farko suke zaɓen tuƙi. Sai ya koma kamfanin ya nemi awon ƙugun wandunan da ake ɗinka wa ma'aikata. Gaskiya ne direbobi sun fi faɗin ƙugu, amma ko da aka gwada masu ƙugu iri ɗaya, mai hawa da sauka ya fi mai zama lafiyar zuciya. Morris kansa ya riƙe motsa jiki har tsufansa, ya rasu a 2009 yana da shekara 99. Duk lokacin da na tuna wannan labari nakan ga dattijon nan na Rawayya, wanda ya fara aiki yana kwandasta muka mayar da shi direba.

Abin da tafiya take yi wa jini

Tambayar da aka fi yi mini ita ce: idan na yi sauri zuciyata tana dukan uku-uku, ashe ba ƙara hawan jinin nake yi ba? Tambaya ce mai ma'ana. A lokacin da kake tafiyar, lambar sama takan ɗan hau, wannan daidai ne. Amma naman ƙafafu yana neman jini, saboda haka ƙananan jijiyoyin da ke cikinsa suna buɗewa. Gudun jini a jikin bangon jijiya yana sa bangon ya fitar da wani sinadari mai sassauta shi. Idan ka tsaya ka huta, jijiyoyin ba sa komawa su matse nan take. Jinin yakan sauka ƙasa da inda yake kafin ka fara, ya zauna haka sa'o'i da yawa. Wanda ya yi tafiya yau, ya sake gobe, ya sake jibi, yana sabunta wannan saukar ke nan kullum. Bayan makonni jijiyoyin sukan ƙara laushi, zuciya ta riƙa tura jini mai yawa a bugu ɗaya har ta rage yawan bugawa, jiki ya rage zama cikin shirin faɗa ko gudu wanda damuwa take jawowa. Suga da kitsen jini su ma sukan gyaru, barci ya yi daɗi.

Nawa yake sauka? Idan aka haɗa gwaje-gwajen da aka yi a kan masu hawan jini, motsa jiki irin tafiya da sauri ko tuƙa keke yana rage lambar sama da kimanin 5 zuwa 8, ta ƙasa da kimanin 4 zuwa 5. Wani zai ce ɗan wannan? To, kusan abin da ƙwayar magani guda take yi ke nan. Wani nazari da aka buga a 2019, wanda ya tattara gwaje-gwaje 391, ya tarar cewa a wurin masu hawan jini tasirin motsa jiki ya yi kusa da na magungunan da aka saba bayarwa, ko da yake masu nazarin sun yi gargaɗi cewa ba a gwada su gaba da gaba a kan mutane ɗaya ba. Wani kuma na 2021, a kan masu shan magani, ya nuna duk saukar lamba 5 a sama tana rage haɗarin shanyewar jiki da bugun zuciya da kimanin kashi goma cikin ɗari. A ikilisiya mai dattawa hamsin, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kada kuma a ce jikin Turawa ne kawai. An gwada a Kano. Wani masanin gashin ƙashi da motsa jiki, Sikiru Lamina, ya ɗauki maza 357 masu hawan jini, 'yan shekara 50 zuwa 70, daga cikin masu zuwa asibitin Murtala Muhammad. Ya raba su uku. Kashi ɗaya suna tuƙa keken motsa jiki ba tsayawa, kashi na biyu suna tuƙawa suna hutawa, kashi na uku ba sa yin komai. Sau uku a mako, minti 45 zuwa 60, har mako takwas. A sakamakon da aka buga a 2010, jinin kashi biyun farko ya sauka a fili, na ukun bai bi su ba. Abin da ya fi burge ni a nan shi ne masu yi suna hutawa su ma sun amfana. Dattijon da ba zai iya rabin awa a jere ba bai rasa rabonsa ba.

Nawa ya isa?

Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ita ce minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, tare da aikin ƙarfafa naman jiki kwana biyu a mako. A sauƙaƙe, rabin awa, kwana biyar. Ana iya raba ta, minti goma da safe, goma da yamma, goma bayan abincin dare. Matsakaici kuwa yana da gwaji mai sauƙi da ya dace da mu: idan kana iya hira amma ba ka iya rera waƙa, kana daidai. Idan kana rera waƙa baiti bayan baiti ba haki, yawo kake yi, ƙara sauri. Idan ba ka iya ƙarasa jimla, ka wuce gona da iri. Mai agogo zai iya ƙirga taku, wajen ɗari a minti ɗaya.

Wanda ya daɗe a zaune kada ya fara da rabin awa. Ya fara da minti goma, ya riƙa ƙara biyar kowane mako. Minti biyar na farko a hankali, minti biyar na ƙarshe ma a hankali. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci ga mai shan magani, domin idan ka tsaya cak jijiyoyi suna buɗe, jini yakan taru a ƙafafu, jiri ya ɗebe ka. Sa'an nan a sani cewa ba a tara wannan amfani a rumbu. Wanda ya yi wata uku ya daina, cikin 'yan makonni jininsa zai koma inda ya fito.

"Ai ni manomi ne"

Yawancin masu hidima a ƙauye suna noma, kuma wannan ce amsar da suke ba ni. Akwai gaskiya a ciki. Mai huɗa da fartanya ya fi mai zaman ofis motsi nesa ba kusa ba. Amma duba yadda shekararmu take. Daga Yuni zuwa Oktoba aiki kamar zai kashe mutum, daga Disamba zuwa Mayu kuma zaman inuwa da hawan babur. Wata shida na zama sun isa su shafe abin da damina ta gina. Ga shi kuma yanzu a wurare da yawa na Tsafe da Bungudu gonakin nesa sun gagara saboda 'yan bindiga, mutanen da suka saba tafiyar awa guda zuwa gona sun dawo gari suna zaune, da damuwa a kansu. Ka lura da irin waɗannan a cikin jama'arka. Abinci ya canja, barci ya ƙaurace, ƙafa ta daina aiki, duk a lokaci ɗaya.

Abu na biyu, aikin wahala da motsa jiki ba abu ɗaya ba ne. Wani bincike a ƙasar Danmak a kan mutane fiye da dubu ɗari, wanda aka buga a 2021, ya tarar cewa motsin da mutum yake yi a lokacin hutunsa yana tafiya da raguwar ciwon zuciya, amma aikin ƙarfi na yini guda a wurin sana'a bai ba da wannan kariya ba. Bayanin da masana suke bayarwa shi ne aikin wahala yana riƙe jini a sama sa'o'i masu yawa, da ɗaukar kaya da sunkuyo, ba tare da isasshen hutu ba. Ban kawo wannan don in hana kowa noma ba, da me za mu ci? Na kawo shi don manomi kada ya ɗauka fartanya ta ɗauke masa awon jini.

A cikin aikin gona, ɗaga nauyi ne wurin haɗari. Idan mutum zai cira buhun masara yakan riƙe numfashi ya yi yunƙuri, a wannan ɗan lokaci jini yakan yi tsalle. Masu bincike a Kanada sun sa na'ura a cikin jijiyar masu ɗaga ƙarfe a 1985, suka ga a wurin mutum ɗaya ya haura 480 a sama da 350 a ƙasa. Saurayi mai lafiyayyun jijiyoyi yana jurewa. Dattijo mai 170 ba shi da wannan rarar. A raba buhu biyu, a kira yara, idan kuma ya zama dole a ɗaga, a riƙa fitar da numfashi yayin ɗagawa. Tura motar da ta maƙale a laka a bar wa matasa.

Kafin ka fara, da lokacin da za ka tsaya

Fara da awo. Ka zauna minti biyar ka jingina bayanka, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba magana, ba goro ko shayi ko kofi rabin awa kafin nan. Idan ka sami 180 a sama ko 110 a ƙasa, ba ranar fara motsa jiki ba ce, ranar zuwa asibiti ce. Sai magani ya sauko da shi tukuna. Haka mai ciwon suga, mai kumburin ƙafa, wanda ya taɓa samun ciwon zuciya ko shanyewar jiki, ya ji ta bakin likita a kan irin motsin da ya dace da shi. Mace mai ciki da jininta ya hau, nata babi dabam ne, domin yana iya kaiwa ga jijjiga. Wurin awon ciki za a tura ta, kuma a ranar.

Idan kana tafiya ka ji nauyi ko matsi a ƙirji, musamman mai gangarawa hannun hagu ko muƙamuƙi, ko numfashi ya gagara fiye da yadda saurinka ya kamata ya jawo, ko jiri, ko zuciya tana bugawa barkatai, tsaya. Kada ka ce bari in ƙarasa. Idan kuwa ka ga bakin wani ya karkace, hannu ɗaya ya saki, magana ta sarƙe, kada a tsaya shafa mai ko ɗura masa ruwa, yana iya shaƙewa. A nemi mota. Asibitocin gwamnati na Tsafe da Bungudu su ne na kusa, a Gusau kuma akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. Ana iya yin addu'a a cikin mota.

Zafin ƙasarmu ma abin lura ne. Daga Maris zuwa Mayu yakan kai digiri 40 ya wuce. Wasu magungunan hawan jini suna sa yawan fitsari, mai shan su idan ya haɗa da gumi da rana ruwan jikinsa zai ƙare da wuri. A bazara a yi tafiya da sanyin safiya ko bayan rana ta yi sanyi, a sha ruwa. Ranar da kake azumi ka sassauta, kuma ka tambayi likita yadda za ka tsara shan maganinka, kada ka tsallake shi da kanka. Sai maganar gwiwa. Wanda ya fara tafiya gwiwarsa ta yi ciwo yakan wuce kemis ya sayi diclofenac ko ibuprofen. Waɗannan suna ɗaga jini, suna rage ƙarfin maganin hawan jini, suna kuma wahalar da ƙoda idan an daɗe ana sha. Gara a rage nisa, a sami takalmi mai laushi, ko a koma keke.

Abin da yake hana mu

A ganina ba rashin sani ne babban shinge ba. Kunya ce. A garuruwanmu babban mutum ba ya tafiya a ƙasa. Na gwada a unguwarmu, kafin in kai bakin titi masu babur uku sun tsaya: "Baba, lafiya? Ina mashin ɗin? Hau in kai ka." Wata dattijuwa har ta aiko a tambayi matata ko an daina biyana albashi. Tumbi kuma muna karanta shi a matsayin alamar cewa ikilisiya tana kula da fastonta. Ban san wata dabara a nan ba sai faɗin gaskiya. Ka ce likita ne ya sa ka. Mako biyu za a yi ana magana a gaji, daga nan wani dattijo zai matso ya ce shi ma an ce jininsa ya hau, ko zai iya binka.

Hanya mafi sauƙi ga mai hidima ita ce mayar da ziyara ƙafa. Duk gidan da bai wuce tafiyar minti ashirin ba, bar babur a gida. Kuɗin mai ya ragu, ka kuma gaisa da mutanen da da kake wuce su da ƙura. Aikinmu na zama ne fiye da yadda muke zato: shirin wa'azi, taron dattawa na awa huɗu, sulhun ma'aurata, zaman makoki. A dogon taro ba laifi shugaba ya ce a miƙe minti biyar bayan kowace awa.

Shinge na biyu ya fi nauyi, wato tsaro. Littattafan lafiya suna cewa a fita bayan gari da asuba a shaƙi iska. Wanda ya rubuta haka bai san hanyoyinmu ba. Kada ka fita bayan gari, kada ka fita da duhu, kada ka riƙe hanya ɗaya da lokaci ɗaya kullum har a san ka da su, kada ka tafi kai kaɗai. Cikin gari, da haske, mutum biyu ko uku. Inda ko wannan bai yiwu ba, harabar majami'a ko filin makaranta ya isa. Auna kewayen da taku, ka san sau nawa za ka zaga. Zuciya ba ta san ko kana zagaye ba ne ko kana miƙe hanya.

Akwai ma abin da ake yi a cikin ɗaki. A 2023 masu bincike a Canterbury ta Ingila sun tattara gwaje-gwaje 270 a kan mutane kusan 16,000, suka tarar motsin da ake ɗaure naman jiki a tsaya cak yana rage jini da kimanin 8 a sama da 4 a ƙasa. Wanda ya fi fice shi ne zaman bango: ka jingina bayanka da bango, ka zame ƙasa kaɗan kamar mai zama a kujerar da babu, ka riƙe minti biyu, ka huta minti biyu, sau huɗu, kwana uku a mako. Mai farawa ya ɗan lanƙwasa gwiwa kawai, ya riƙe daƙiƙa ashirin ko talatin, kuma kada ya riƙe numfashi ko kaɗan. Gwaje-gwajen wannan ba su kai na tafiya yawa ba, don haka ni ina ɗaukarsa ƙari ne, da abin yi a ranar da fita ta gagara. Mai jinin da bai sauko ba kada ya taɓa shi.

Kada a manta da mata. Daka, ɗiban ruwa da surfe sun riƙe iyayenmu mata, yanzu injin niƙa da 'yan garuwa sun karɓi rabin aikin a gari, matar fasto kuma takan yini a tsakar gida ɗaya. Rawar zumuntar mata motsi ne na gaske idan ta kai minti ashirin ana haki, sai dai sau ɗaya a mako ba ya isa. Idan za ka fita tafiya, ku fita tare.

Ƙwaya da ƙafa

A nan ne muke da alhaki na musamman, domin bakinmu yana da nauyi. Sau da yawa mutum yakan fara magani da tafiya, bayan wata biyu a auna a ga 130, ya tashi a sujada ya ba da shaida cewa ya warke, ya watsar da ƙwayoyin. Muna tafa masa. Lambar nan ta sauka ne saboda abin da yake yi, ranar da ya bari za ta koma, wani lokaci da ƙarfi fiye da da. Yawancin hawan jini ba a warkewa daga gare shi, riƙe shi ake yi. Ka yi murna da mai shaida, sa'an nan ka ja shi gefe ka tambaye shi ko yana nan yana shan maganinsa. Idan tafiya da rage ƙiba sun sauko da jini sosai, likita yana iya rage ƙwaya, kuma yakan faru. Amma shi ne zai rage, da na'ura a gabansa.

Na san kuɗin magani yana da wuya, kuma wani zai karanta wannan ya ce to bari in riƙe tafiya tun da kyauta ce. Lissafin ba zai fita ba. Mai 165 idan tafiya ta cire masa 7, saura 158, har yanzu yana cikin haɗari. Mai 145 ne ƙafa da rage gishiri za su iya mayarwa ƙasa da 140. Gishirin kuwa, abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da shi bai kai giram 5 a yini ba, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma dunƙulen magi da kanwa suna cikin lissafin. Daddawa da albasa da yaji suna iya ɗauke rabin aikin magi a tukunya.

Na'urar awon jini mai batir, irin ta damtse, ba ta fi ƙarfin baitulmalin yawancin ikilisiyoyi ba, ko gunduma ta saya a riƙa zagayawa da ita. A nemi ma'aikacin lafiya a cikin membobi ko a gari ya koya wa mutum biyu yadda ake ɗaura ta, a kuma gwada ta da ta asibiti lokaci-lokaci. A sayi littafi mai layi, kowa da shafinsa: kwanan wata, lambar sama, lambar ƙasa, kwana nawa ya yi tafiya a makon. Lahadi ɗaya a wata bayan sujada ta isa, sai dai a bar mutane su zauna su huta tukuna, kada a auna wanda ya fito daga rawa. Wanda aka samu da 140 ko fiye sau biyu a rubuta masa lambobin a takarda ya kai asibiti. Ranar 17 ga Mayu ce ranar hawan jini ta duniya kowace shekara, ana iya farawa da Lahadin da ta fi kusa da ita, a kuma buɗe ƙofa ga maƙwabta duka, domin ciwon ba ya tambayar inda mutum yake sujada. Shafin farko na littafin ya zama na fasto, a auna shi a gaban kowa.